Man aksil: abin da ruwan damina ya yi wa tsohuwar Hilux ɗina

Jiya bayan la'asar ina kwance a ƙarƙashin mota a ƙofar gida, hannuna duk mai, sai ga wani maƙwabcinmu mai Hayis ya tsaya yana kallona, yace wai me ya samu motar kuma. Nace lafiyarta ƙalau, man aksil nake canzawa. Sai ya yi dariya yace shi fa shekara shida ke nan da sayen motarsa bai taɓa buɗe wajen nan ba, wai shi a saninsa man aksil ba ya ƙarewa tunda ba ƙonewa yake ba. Ban ce masa komai ba don nima haka nake faɗa da, har sai da damina ta 2022 ta koya min hankali.

Motar tawa tsohuwar Hilux ce mai jan baya, na saye ta hannu na wajen nawa ma oho, da ita nake ɗaukar kayan gona, riɗi, gero, shinkafa shanshera, wani lokacin tumaki, ranar Lahadi Gujungu, ranar Alhamis in akwai lodi sai Maigatari. Juye kam ba na wasa da shi, baƙin mai da fita, wato matatar mai, a kan lokaci, ruwan lagireto kullum da asuba sai na duba, amma aksil tunda na sayi motar ko sau ɗaya ban sa an kalle shi ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne, je ka tasha ka tambayi direbobi goma yaushe rabonsu da canza man aksil kaji amsa.

Kowa a Jigawa ya san yadda ruwa ya yi a shekarar nan, daga Ringim har su Auyo da Haɗeja, hanyoyi suka yanke, wasu garuruwan sai da kwalekwale. Hanyar burjin da ke fitar da mu kwalta akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya a cikinsa, to a watan tara na shekarar kusan kullum sai na ratsa shi, wata rana ruwan ya kai rabin taya wata rana ya wuce, ni dai damuwata kar ruwa ya shiga inji, in na fito na ji inji na ci sai nace Alhamdulillahi na wuce. Ashe ta baya ake yi min ɓarna.

Da kaka ta yi aka fara kai riɗi kasuwa sai na fara jin wani kuka daga baya, ba mai ƙarfi ba, kamar iskar hunturu tana ratsa ƙofar langalanga, wuuu, sai na hau kwalta mota ta ɗan ɗauki gudu yake fitowa. Na kai wa wani yaro bakanike a bakin hanya, ko hawa motar bai yi ba ya girgiza taya yace boris ne. Aka sayo boris aka canza gefe ɗaya, kuka na nan. Yace to ɗaya gefen ne, aka canza, kuka na nan har ya ƙaru. Kuɗi na sun tafi a banza, kuma laifina ne, wanda bai hau mota ya saurara ba ta yaya zai gaya maka ciwonta.

Daga ƙarshe wani ɗan'uwana ya kai ni wajen wani dattijo, irin tsofaffin nan da suka koyi aiki tun zamanin Fijo 504 lokacin da ake harhaɗa ta a Kaduna, yanzu ido ya ɗan yi rauni yaransa ne ke kwanciya ƙasa shi yana zaune kan benci yana ba da umarni. Yace ɗauke ni mu hau titi. Muka hau, ya zauna ya rufe ido kamar mai gyangyaɗi. Yace taka. Na taka totur. Yace saki. Na saki. Yace sake takawa, saki, sa firi. Muka yi haka wajen sau biyar sannan ya buɗe ido yace yaro yaushe rabon ka zuba mata man aksil? Nace Baba gaskiya ban taɓa ba. Yace kuma ka shiga ruwa da ita bana ko? Nace sosai ma. Yace juya mu koma.

Da yaron ya kwance notin ƙasa wallahi abin da ya fito ba mai ba ne, kunun gyaɗa ne, fari-fari mai kumfa, kafin shi ma sai da ruwa tsagwaronsa ya fara ɗiga don ruwa ya fi mai nauyi shi yake kwanciya a ƙasa. Baba ya dangwala da yatsa ya murza ya nuna min a rana, sai ga wasu abubuwa suna ƙyalli a ciki. Yace ga ƙarfenka nan kana ta niƙa shi kamar gero.

Bari in ɗan yi bayani ga wanda bai san me ke cikin tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar tayoyin baya ba, wanda masu boko ke kira difarenshal mu kuma aksil kawai muke cewa. Farfela tana taho da juyin inji daga giyabos, a bakinta akwai ƙaramin haƙori mai kama da dunƙulen hannu, finiyo, shi yake juya babban faifan haƙori da ake kira kirawun, daga nan juyin ya karkata ya tafi tayoyi biyu. A tsakiyar faifan kuma akwai wasu ƙananan haƙora, su ne masu rabon. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san in an zo ƙarshen kunya za a juya, san da ke waje sai ya yi tafiya mai nisa shi kuma na ciki kusan a tsaye yake yana juyawa. To haka tayar mota take a kwana, ta waje dole ta fi ta ciki gudu, ƙananan haƙoran nan su ke ba kowace damar yin nata gudun, ba don su ba da kowace kwana sai taya ta ja ƙasa. Kuma finiyo da kirawun ba cizon juna kawai suke ba, goga juna suke da ƙarfi don finiyon a ƙasa da tsakiyar faifan yake zaune, shi yasa suke buƙatar mai na musamman mai kauri da sinadarin farar wuta a ciki, wannan warin nasa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai daga nan yake, ko sabo ne fil haka yake wari, kar ka ce an sayar maka da lalatacce.

Ta ina ruwa ya shiga kuwa tunda ko'ina a rufe yake? Baba ya sa aka goge saman aksil ɗin sai ga wani ɗan ƙaramin abu kamar kan bawul ɗin taya da ɗan murfi a kansa, yace wannan hancinsa ne, ta nan yake numfashi. In ka yi tafiya aksil ya yi zafi iskar ciki ta kumbura sai ta fita ta nan, in kuma ka faɗa ruwan sanyi da zafinsa sai ya huce farat ɗaya ya zuƙo, duk abin da ke bakin hancin ko bakin sil ɗin da ya tsufa, wato robar da ke hana mai zuba, shi zai zuƙa, in ruwa ne ruwa. Ni kuma na yi wata guda ina yi masa haka safe da yamma. Ruwa ya kwana ciki, tsatsa ta ci boris ɗin finiyo ta yi musu ƙuraje, Allah ya taimake ni kirawun ɗin bai riga ya tafi ba. Sai da na je Kano Ƙofar Ruwa na sayo boris da sil, mota ta yi kwana huɗu a gareji ana tsakiyar kakar riɗi, wanda ya san harkar ya san me kwana huɗu ke nufi a lokacin.

Tun daga nan da hannuna nake canzawa, kuma ba wani aiki ba ne, ya fi juyen baƙin mai sauƙi ma in ka cire wahalar ɗurawa. Na kan ɗan zaga da motar tukuna man ya yi ɗumi, don in da sanyinsa ne musamman da hunturu sai ya riƙa fitowa kamar zuma ka gaji da jira, kuma dattin duk ya kwanta bai biyo shi ba. In tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri, in ja hanbirki in sa dutse gaba da baya. Hilux tana da tsayi ba sai na ɗaga ta ba, amma in taka sai an ɗaga, dan Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota jak ne kaɗai ke riƙe da ita, balle a ƙasarmu mai rairayi da jak ke nutsewa, ka samu kututture mai ƙwari ko ka kai ta wajen masu rami.

Noti biyu ne, na sama wajen zubawa, na ƙasa wajen zubarwa, a Toyota ɗin da na sani sifana 24 ke kama su. Abin da Baba ya ja min kunne a kai shi ne kullum fara kwance na sama. Na ce me ya sa, yace in ka zubar da mai sannan ka zo na sama ya ƙi kwantuwa ko kansa ya gurje, da me za ka je gari neman mai walda, da jaki? Kafin ka kwance kuma ka goge laka da ƙurar da ke kewaye kar ka tura ta ciki da hannunka. Da ka cire na sama sa ɗan yatsa ciki ka lanƙwasa, ya kamata ka taɓo mai a daidai bakin ramin, in ka lalube ba ka ji komai ba to da ma ba a ƙoshe yake tafiya ba, sai ka nemi inda yake zuba.

Sai ka tara roba mai tsabta, mai tsabta nace don abin da zai fito shi za ka karanta. Notin ƙasan yana da maganaɗisu a bakinsa. In ka ga baƙin abu mai laushi kamar kwalli ya manne a kai, ka murza ba ka ji tsini ba, wannan ba komai, kowane aksil yana yi, goge kawai. In kuwa ka ji gutsattsari kamar tsakuwa ko ɓawon ƙarfe masu kama da ƙumba, to wani abu na karyewa a ciki, sabon mai ba zai warkar da shi ba sai an buɗe. Man da ya yi baƙi ƙirin ya tsinke yana warin ƙuna ya sha zafi ne, yawanci lodi ya yi yawa ko man ya yi kaɗan. Mai kalar shayi da madara kuwa ka riga ka ji labarinsa. In na samu irin wannan na kan zuba sabo in yi kwana biyu uku ina aiki in sake zubarwa in zuba wani, asarar mai ce amma ta fi asarar kirawun.

Ɗurawar ce ke da ɗan ciwon kai don wajen a matse yake galan ba ya shiga. Ni tiyo na samu irin na masu awon lebur a gini, na sa bakinsa ɗaya a ramin, ɗayan na fito da shi ta gefen taya na ɗaura mazurari, ƙanena yana tsaye yana zubawa a hankali ni ina ƙasa ina kallo. In na bar galan ɗin a rana tun safe ya fi saurin tafiya. Tawa tana shan lita biyu da ɗan wani abu, amma ba sai ka auna ba, da zarar ya fara dawowa ta bakin ramin ya cika ke nan, ka bar rarar ta tsiyaye ka ɗaure. Akwai masu karkata mota don su ƙara cusa mai wai ya fi, ba ya fi, kumfa zai yi ya nemi hanyar fita ta sil. Washar notin in ta baje a canza ta, kuma ba a ɗaure shi kamar notin taya.

Wane mai? A nan ne ake musu a tasha har a ɓata. Ka duba jikin galan ka ga an rubuta GL-5, shi ne na aksil, kaurin kuma 80W-90 ko 90 kawai shi yawancin motocin nan ke so, masu manyan lodi da zafin bazara kan sa 85W-140. Ni 90 nake sawa in dai aksil ɗin lafiyarsa lau. Wasu da sun ji kuka sai su ruga su zuba 140 kukan ya ɗan lafa suce sun gyara, ba su gyara komai ba, bakin mara lafiya suka toshe. Kuma a kula, giyabos da yawa GL-4 suke so saboda zobban tagulla da ke ciki, ba kowane man giya ne ake zubawa ko'ina ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu zuba tsohon baƙin man inji a aksil, ko su dama giris da baƙin mai, wai ai duk mai mai ne. Sai kuma man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba ka san daga wace duro ya fito ba, ni dai na daina, gara in sayi rufaffe ko da tsada, abin da za ka saya sau ɗaya a shekara.

Maganar lokaci, abin da aka fi faɗa shi ne wajen kilomita 40,000 zuwa 50,000 ga motar da ke shan wahala, amma mu nan wa ke da mita mai aiki, tawa tun kafin in saye ta allurar ta kwanta. Don haka da damina nake lissafi, ruwa na ɗaukewa kafin a fara jigilar kaka sai in canza, in kuma na ratsa ruwan da ya rufe aksil a tsakiyar damina ba na jira, washegari zan buɗe in duba. Hancin nan ma na cire murfinsa na sa masa tiyo na ɗaure shi sama a jikin bodi, dabarar Baba ce, kuma duk lokacin da na shiga ƙasa sai na tabbatar laka ko gidan zanzaro bai toshe shi ba, don in ya toshe iska ta rasa hanya sai ta turo mai ta sil.

Shi zubar man nan ma kala biyu ne. In ta gaba ne wajen da farfela ta haɗu da aksil za ka ga ƙasan bodi ya yi feshin mai ƙura ta manne, sil ɗin finiyo ne. Nan ina roƙon ka kar ka bar kowane yaro ya taɓa babban notin nan, don shi ke riƙe da daidaiton boris ɗin finiyo, in aka ɗaure shi fiye da kima boris ya ƙone, in aka bar shi sako-sako haƙori ya ci juna, mai hankali sai ya yi masa alama ya ƙirga zaren kafin ya kwance. In kuma ta gefe ne za ka ga cikin taya ya jiƙe, wannan ya fi haɗari don man yana shiga dirom ya jiƙa shu ɗin birki, ka taka birki mota ta ja gefe ɗaya ko ta ƙi tsayawa da lodi a bayanka, shu ɗin da ya sha man giya kuma wankewa ba ta fitar da shi sai canji.

Sauraron kukan kuwa har yanzu koyo nake, amma ga ɗan abin da na kama. Kukan da ke tashi in ka taka totur ya ɓace in ka saki, ko ya canza murya tsakanin takawa da saki, daga cikin aksil yake, haƙori ko boris ɗin finiyo. Boris ɗin taya shi ba ruwansa da totur, gurnani yake yi yana bin gudun mota, in ka karkata sitiyari dama ko hagu nauyi ya koma gefe ɗaya sai ka ji ya ƙaru ko ya ragu, da yaron nan ya san wannan da bai sa ni sayen boris biyu ba. In kana jin ƙwas lokacin da ka sa giya ko ka saki kuloci, shiga ƙasa ka kama farfela ka murɗa ta dama da hagu, ɗan wasa kaɗan dole ne, in ya yi yawa ka duba kuros, wato gaɓar farfela, tukuna don shi ya fi saurin mutuwa kuma shi ya fi araha, kar a fara da buɗe aksil. Tsohuwar taya mai cin gefe ma tana kuka sai ka rantse aksil ne. Bayan doguwar tafiya kuma na kan kai bayan hannu kusa da tulun, zafi dole ne, amma in ya kai ana jin ƙaurin mai daga nesa to da magana.

Abu biyu da muke yi da kanmu suna kashe ƙananan haƙoran tsakiya. Na farko taya biyu na baya ba girma ɗaya ba, ɗaya sabuwa ɗaya Beljiyam mai wata lamba daban, sai aksil ya ɗauka kullum a kwana kake, haƙoran da ya kamata su huta a miƙaƙƙiyar hanya su yi ta juyawa daga nan har Kano. Na biyu kafewa a rairayi ko taɓo, taya ɗaya a tsaye ɗaya tana ta walwala direba ya danne totur har hayaƙi, a lokacin tayar da ke juyawa ninki biyu take yi na abin da ya kamata, ƙananan haƙoran suna gudun da ba a yi su don shi ba, in kuma ta kama ƙasa kwatsam sai ka ji ƙas. Gara ka sauka ka haƙa ka shimfiɗa kara ko ka roƙi masu shanu su ja ka.

Masu Golf da Sharon da sauran masu jan gaba ku naku yana cikin giyabos, yawanci mai ɗaya suke sha, ba ku da tulu a baya. Masu fowil kuma aiki uku gare ku, na baya, na gaba, da ƙaramin akwatin da ke raba juyin a tsakiya. Tsohon man da na zubar ba na watsarwa a ƙasa don rijiyarmu ba nisa, a jarka nake tarawa masu shafa wa azara saboda gara su zo su karɓa.

Na jiyan nan da na buɗe ya fito ruwan zuma mai duhu, ba madara, maganaɗisu ɗan kwalli kaɗan. Ina cikin ɗaure noti maƙwabcin nan nawa bai tafi ba ashe, ya tsuguna yana leƙe, can yace Malam ita sifanar nan taka za ta kama na Hayis? Nace kawo ta gobe da safe kafin rana ta yi zafi, ka taho da galan ɗin mai da roba, babba.